Wa Ke Da Ikon Hana Raba Takardu Gida-Gida? Amsa Ga Mai Tambaya Daga Kumbotso

  A wannan mako wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta na da tsawo, kuma sai mun waiwayi tarihi kafin mu kai ga gaɓar maganar.

TAMBAYA: Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kumbotso, wanda ya ce yana noman rani a wajen Kura, yana kuma fataucin tumatir da albasa tsakanin Bunkure da Kwanar Gafan da birnin Kano. Ya ce takardu sun dame shi. Kusan kullum sai ya tarar an jefa su a zaurensa, ko an ba yara sun shiga da su cikin gida: ga na tallar maganin ƙwari da iri, ga na masu maganin gargajiya, ga na masu cewa kawo dubu goma ka karɓi dubu ashirin, ga na 'yan siyasa idan zaɓe ya ƙarato. Ya ce wani maƙwabcinsa ya bi irin wannan takarda ya sayi maganin feshi, ya fesa wa tumatir, tsutsa ba ta mutu ba, kuɗi kuwa sun tafi. Shi ne yake tambaya, me ya hana ƙaramar hukuma ta kafa dokar da za ta hana kai kowace irin takarda ko jarida gidajen mutane sai da izininta? Kuma a da ma haka ake yi?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, Allah kuma Ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Amsar a taƙaice ita ce, an sha yin irin wannan hani a ƙasar nan. Amma idan ka bi tarihinsa ɗaya bayan ɗaya, za ka ga kusan duk lokacin da hukuma ta tare takarda, kanta take karewa daga masu sukarta, manomi kuwa yana nan inda yake. Bari mu bi maganar daki-daki.

Kafin zuwan Turawa, takarda aba ce mai tsada da daraja. Fatake ke ƙetaro Sahara da ita daga wajen Tarabulus, malamai kuma su ke rubutu a kanta. Ba wanda zai ɗauki takarda ya jefa a ƙofar gidan wani. Idan Sarki na da saƙo, wasiƙa ake rubutawa a buga hatimi, jakada ya kai wa mai gari, malami ya karanta, sannan mai shela ya bi kasuwa da unguwanni ya sanar. Dokar ƙofar gida kuwa kowa ya san ta: baƙo namiji iyakarsa zaure, ya yi sallama, ya jira mai gida. Addini ya zo da wannan a Suratun Nur, al'ada kuma ta riƙe shi. Har gobe za ka ga an rubuta "Ba A Shiga" a ƙofar zaure. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A wannan shekarar ce kuma aka kafa dokar jaridu ta farko a Ikko, wadda ta ce duk mai son buga jarida sai ya yi rantsuwa a rubuce, ya kuma kawo masu tsaya masa a kan fam 250. A 1909 aka ƙara da dokar hana tunzura jama'a ga gwamnati. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka sabunta dokar jaridun, tana kuma buƙatar a sa sunan mai ɗab'i da mai jaridar da adireshinsu a ƙasan shafin ƙarshe. A nan Arewa babu jaridu masu zaman kansu a lokacin, saboda haka abin da Razdan da Di'o suka sa wa ido shi ne wasiƙun Larabci da ajami masu yawo hannu-hannu, musamman bayan yaƙin Satiru na 1906, don tsoron masu kiran Mahadi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, takardun farko da suka riƙa isa ƙauyukanmu ba tare da an nema ba, na gwamnati ne da kanta. A 1932 aka fara buga Jaridar Nijeriya Ta Arewa. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, Malam Abubakar Imam ne edita, Dokta East na shugabantar ofishin. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ke yawo cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Ita ana sayenta ne kwabo ɗaya. Amma da yaƙin Hitila ya yi zafi, a 1941 sai aka fito da wata 'yar jarida mai suna Suda, ana buga dubban kwafe ana rabawa kyauta, don jama'a su ji labarin yaƙi ta bakin Ingila. Bayan yaƙi, zamanin Yaƙi Da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga wa larduna jaridunsu: Kano na da Sodangi, Katsina na da Himma, Sakkwato na da Zaruma, Zazzau na da Bazazzaga. En'e ce hanyar da irin waɗannan takardu ke bi, daga birni zuwa ga hakimi, zuwa ga dagaci, zuwa ajin manya. Mutane da yawa da su suka iya karatun boko. Ba wanda ya ce a nemi izini, domin mai ba da izinin shi ne mai rabawa.

Rigima ta fara ne ranar da talaka ma ya sami nasa abin rabawa. A ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Jaridar Comet, ta kamfanin Dokta Azikiwe, ta riga ta dawo Kano da zama, tana kuma buga labaran 'yan Sawaba. A 1952 jam'iyyar ta fitar da takardar manufofinta, wadda ta fito fili ta soki yadda En'e ke tafiyar da talakawa. A wancan zamani En'e na da 'yan doka, tana da kotunan alƙalai, tana da gidan yari, kuma dokar En'e ta 1954 ta ba ta ikon hana duk abin da take ganin zai kawo tashin hankali. Lacca ba ta yiwuwa sai da famit, famit kuwa a hannun waɗanda ake suka yake. Dattawan da suka ga zamanin sun san yadda aka ɗaure 'yan NEPU bisa laifin zagin sarakuna ko yin taro ba izini. Hajiya Gambo Sawaba kanta an ɗaure ta a Kano, aka kuma kore ta daga garin, saboda shiga gidaje da take yi tana wayar da kan matan kulle.

Akwai wata doka ta 1958 da ta shafi tambayarka kai tsaye. Gwamnatin Jihar Arewa ta haramta wa yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma sa hukunci a kan babban da ya sa su. A nan Kano aka hukunta wani a kan wannan doka, ya kai ƙara Babbar Kotu yana cewa an tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. A 1960 kotu ta yanke cewa dokar na nan daram, a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Cheranci. Masu goyon bayan dokar sun ce kare tarbiyyar yara ake yi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ka tuna, a ƙasar Hausa yaro ne ɗan aiken da ke wuce zaure. Wanda ya hana yaro ɗaukar saƙon jam'iyya ya toshe babbar hanyar da saƙon zai bi ya isa cikin gida. Mai mulki kuwa bai rasa komai ba, tunda shi yana da dagatai da masu unguwanni.

Ainihin abin da kake nema, watau ƙaramar hukuma ta hana jarida yawo a ƙasarta, an gwada shi sosai a 1965. Bayan zaɓen Jihar Yamma na watan Oktoba, wanda ya jawo ƙone-ƙone, sai majalisun garuruwa a Gabas, kamar Anaca da Inugu, suka haramta sayar da jaridun da suke ganin suna goyon bayan gwamnatin tarayya da ta Akintola, har da Daily Times. Majalisun Yamma, kamar ta Badun, su ma suka rama, suka haramta jaridun 'yan hamayya irin su Pilot da Tribune. Aka wayi gari mutumin kowane gari ba ya karanta komai sai abin da jam'iyyar da ke riƙe da majalisarsa ke so. Abin bai kwantar da wuta ba, sai ma ƙara mata iska da ya yi. Da soja suka karɓi mulki a Janairun 1966, doka ta biyu da Janar Ironsi ya sa wa hannu ita ce ta yawon jaridu, wadda ta soke duk waɗannan hane-hane, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya tare jarida.

Kada ka ce soja sun yi haka ne don son 'yanci. Sun ƙwace sandar ne daga hannun ƙananan hukumomi suka riƙe da kansu. A 1967 gwamnatin Janar Gowon ta kafa doka mai lamba 17, wadda ta ba shugaban ƙasa ikon hana kowace jarida yawo. A 1984, zamanin Janar Buhari, doka mai lamba 4 ta kai 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari na shekara guda. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta rufe mujallar Newswatch wata shida. A 1993 da 1994, lokacin rikicin zaɓen 12 ga Yuni, an rufe gidajen jaridu irin su Concord da Punch da Guardian. To Malam, duba jerin nan da kyau. A cikinsu duka babu dokar da aka kafa don wani ya sayar wa manomi jabun magani.

Yanzu mu dawo gida. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974. Daga nan aka ja ruwa ta hanyoyin kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, a shirin da kashinsa na farko aka tsara zai shayar da hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda shirin ya koma hannunta. Manomin da ya saba da gero da dawa a damina, sai ga shi zai noma alkama da tumatir da shinkafa da ruwan kanal. Dole sai an koya masa lokacin shuka, da awon taki, da ranar ban ruwa. Malaman gona ne suka yi wannan aiki, da taimakon ƙasidun Hausa da sashen wayar da kan manoma na Samaru ke bugawa, daga baya kuma hukumar KNARDA ta shigo. Su ma waɗannan takardu ba wanda ya aika a kawo masa, amma sun yi amfani, kuma su suka koya wa manomin wannan yanki yarda da abin da ya gani a rubuce.

Wannan yardar ce 'yan damfara suka gada. Da injin fotokwafi ya yawaita, ƙananan maɗaba'u suka cika Kano, daga baya kwamfuta ta zo, sai ya zama kowa na iya buga takarda dubu kafin azahar. Malaman gona suka yi ƙaranci, 'yan talla suka yi yawa. Idan annoba ta faɗo, kamar tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a 2016, mutum na cikin ruɗu, duk wanda ya miƙo masa takarda da hoton kwalba sai ya kama. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma shirin nan na MMM ya rufe da kuɗin jama'a. Har ta fuskar addini akwai irinsu: tsohuwar takardar nan da ake cewa wasiyyar wani mai gadin kabarin Annabi ce, wadda ke tsoratar da wanda bai kwafa ya raba ba. Malamai sun daɗe da bayyana cewa ƙarya ce, amma har yanzu takan ɓullo.

To, me doka ta ce a yau? Tsarin mulkin 1999, a sashe na 39, ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayinsa da karɓar labari da isar da shi. Saboda haka majalisar Kumbotso ko ta Kura ko ta Bunkure ba ta da hurumin cewa jarida kaza ba za ta shigo ƙasarta ba. Amma sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidansa. Jadawali na huɗu kuma, inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ba su ikon tsara tallace-tallacen waje da allunan talla, da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da kwashe shara. Ka ga ke nan fastocin da ake manna wa a bangon makaranta da asibiti, da takardun da ake watsarwa a kasuwa su toshe magudanar ruwa, duk ƙaramar hukuma na iya yin dokarsu. Shiga gidan mutum don a tsorata shi ko a ɓata masa rai laifi ne a dokar Final Kod tun 1960, haka ma cuta da yaudara. Maganin mutane da maganin ƙwari kuwa suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma tallar magani na buƙatar amincewarta. Iri yana da tasa hukumar ta ƙasa, taki ma an yi dokar ingancinsa a 2019. Dokokin kama macuci suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bin su, da kuma kai ƙara.

Wasu ƙasashe ma sun sha wannan muhawara. A Amurka akwai wani gari mai suna Struthers a Jihar Ohayo, inda a wancan zamani mutane da yawa ke aikin dare a masana'antar ƙarfe su yi barci da rana. Majalisar garin ta hana ƙwanƙwasa ƙofa don miƙa takarda. Aka ci wata mata tarar dala 10 saboda ta raba takardar gayyata zuwa taron addininsu. A 1943 Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce mai gida ne ke da ikon cewa yana so ko ba ya so, hukuma kuma aikinta ta hukunta wanda ya taka umarnin mai gidan. A Faransa, tun 2004 ake manna wata 'yar alama a akwatin wasiƙa mai nuna ba a son talla, kuma daga 2021 wanda ya jefa talla a irin wannan akwati ana cin sa tara. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, daga farkon 2018 suka juya abin: ba a jefa maka takardar talla sai ka manna alamar cewa kana so. Duk cikinsu hukunci na hannun mai gida. Ashe "Ba A Shiga" ɗin da kakanninmu suka rubuta a zaure, ita ce dabarar da Turawa suka zo suka tsaya a kai.

Saboda haka ga shawarar wannan fili. Kada ku roƙi ƙaramar hukuma ta zama mai tace abin da za ku karanta. Yau shugaban naku ne, gobe na wasu ne, kuma ranar da kuka rubuta takardar kuka a kan rabon ruwan kanal ko rabon taki, da wannan dokar za a fara kama ku. Abin da ya dace ku nema ta hannun kansilanku da ƙungiyar masu amfani da ruwa abu uku ne. Na farko, duk takardar talla ta ɗauki sunan mai ita da adireshin shagonsa da sunan maɗaba'ar da ta buga, kamar yadda aka wajabta wa jaridu tun 1917. Na biyu, gidan da ya rubuta ba ya son talla a mutunta shi, wanda ya saɓa a ci shi tara. Na uku, a keɓe allo a kasuwa da tasha da ƙofar gidan mai unguwa inda za a riƙa manna sanarwa, a bar bangon mutane ya huta.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannunka tun yau. Ka gaya wa yaranka duk wanda ya ba su takarda su kawo maka zaure, kada su wuce da ita ciki. Takardar da ba suna ba adireshi, sai lambar waya kawai, ka ɗauke ta kamar baƙon da ya ƙi yin sallama. Kada ka sayi maganin feshi a bakin hanya saboda hoton da ka gani. Je shagon da ka sani, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, karɓi rasit, ka kuma nuna wa malamin gona kafin ka zuba a tanki. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, tambaye shi me ya hana shi ninka nasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan kuwa an riga an cuci mutum, kamar maƙwabcinka, kada ya yar da takardar da kwalbar, domin su ne shaidarsa a gaban mai unguwa da 'yan sanda da hukumar da abin ya shafa. Yawancin macuta na cin kasuwa ne saboda wanda aka cuta yakan ji kunya ya yi shiru, har a cuci na kusa da shi.

Da fatan mai tambaya daga Kumbotso ya gamsu, haka ma sauran manoma da 'yan kasuwar Kura da Bunkure masu irin wannan damuwa. Masu tambaya a kan farashin taki da kuɗin ruwa, wasiƙunku sun iso, suna kan layi. Allah Ya ba mu rani mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin macuta. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.